Baƙin Durom ɗin Baba Istifanus

A layinmu na Tirkaniya kowa Injiniya yake ce wa Baba Istifanus, rabi girmamawa rabi tsiya. Tukunyar tururi ya yi wa hidima a masaƙa har aka rufe ta. Ya dawo gida da taurin kai da buri guda: sai ya sa rana ta ba shi wutar lantarki.

Ya shafa wa durom baƙin fenti, ya girke a tsakar gida. Rana za ta dafa ruwan ciki, tururi ya bi bututu ya hau tankin da ke kan rufi, ya huce ya koma ruwa, ya gangaro ya juya farfela mai haɗe da dainamon keke. A baki kam, abin sai ka tafa masa.

Sai dai bututun yoyo yake, tururin ya tsere, kullum durom na neman ruwa. Mai cika shi kuwa matarsa ce, Diana. Daga rijiyar ƙarshen layi take ɗaukowa a ka, bokiti bayan bokiti, shi yana bisa tsani da sifana yana cewa, "Maman Debby, ƙaro ɗaya, yau za ta kawo." Shekaru ana haka. Sau ɗaya ƙwan lantarkin da ya haɗa da dainamon ya yi ja kamar garwashi, da tsakar rana, lokacin da ba mai bukatarsa.

Wata safiya ta sauke bokiti, ta kasa miƙewa. Likita ya ce ƙashin bayanta ya gaji da dako, ya tambayi me take ɗauka haka. Baba ya sunkuyar da kai. Ni na kai su a Keke Napep ɗina, na dawo da su. A ƙofar gida ya ce mini, "Sama nake ta kallo, ban taɓa duba wuyanta ba. Ni na karya matar nan."

Ya kwance bututun, ya bar durom. Yanzu shi ke zuwa rijiya, da furfurarsa, yana tangaɗi da bokiti. Rana ta ɗumama ruwan, ya tsoma tawul ya gasa mata baya.

Jiya na shiga gaishe su, na ji ta daga kan tabarma tana cewa, "Baban Debby, ka mayar da bututunka mana. In na warke sai mu ƙarasa, ai saura kaɗan."

Ya matse tawul ɗin, ya daɗe yana matsewa, har ba sauran ɗigo.