Tarin Asuba na A-kori-kurar Malam

Jikata Binta ke rubutawa, ni ke faɗa, don 'yan'uwa su ji yadda na yi yawon bangajiya bayan na fita takabar Malam, Allah ya jiƙansa.

Kazaure

Ana sallame asuba Sule, autana, ya murɗa makullin a-kori-kurar da mahaifinsa ya saya ta hannu. Inji ya ɗauka da ƙwaram-ƙwaram, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sai hawaye suka zubo mini. Kullum haka take tashi, sai ta ɗumama take yin shiru. A wannan jiran ne Malam ke jingina da ƙofarta yana shan kunu, ina riƙe da murfin kwano, muna hira.

"Inna, wannan ƙarar abin kunya ce," in ji Sule. "Muna isa Babura, Baba Garba bakanike zai raba mu da ita."

Na shiga na zauna. Motar tasa ce yanzu.

Roni da Gwiwa

A shingen hanyar Roni wani ɗan sanda ya leƙo.

"Ina tsohon da ke ba mu gyaɗa?"

Sule ya faɗa masa. Ɗan sandan ya cire hula ya yi addu'a. A Roni muka gaida ƙannen Malam, da la'asar muka sauka Gwiwa wajen ƙanwata Ladi. Tuwon dawa da miyar kuka ta yi mana. Da asuba mota ta fara tarinta.

"Yaya, wannan tsohuwar ta riga zakara tada unguwa!" in ji Ladi.

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar.

Babura

Muka biyo ta Kazaure da Achilafiya, muka isa da azahar. Garba abokin Malam ne tun suna samari. Bayan mun koka, Sule ya kawo ƙararsa.

"Na san ta," in ji Garba. "Baƙin mai ne ke sauka cikin dare, kafin ya hau sai ta yi surutu. In ba a taka ta da sanyi ba, babu illa. Tun ranar da ya sayo ta na ce ya kawo in gyara. Ya ce, 'Garba, bar ta. In ta daina tari, da wace hujja zan tsaya hira da uwargida?'"

Na ja mayafi na rufe fuska.

Garba ya dubi Sule. "To, ɗana, in kwance injin?"

Sule ya shafa sitiyari. "A sake mata mai kawai, Baba."

Gida

Magariba ta yi mana a Kazaure. Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya shimfiɗa mana tabarma.

Washegari ina kan sallaya na ji ƙwaram-ƙwaram a ƙofar gida. Ina jiran in ji an taka an wuce. Sai muryar Sule:

"Inna, ba ta ɗumama ba tukuna. Ina kunun?"