Tsuntsaye biyu masu kallon hagu

Har yau ranar da Inna Dije da Inna Kande suka zo rumfarmu ba ta fita raina ba. Abin da na fara gani da na iso shi ne ɗaurin ɗankwalinsu. Ɗaya ta karkato nata ya rufe kunnen dama, ɗayar ta rufe na hagu, kuma sun zauna a benci ɗaya sun juya wa juna baya.

Ku da za ku karɓe ni a hutun bana, ga yadda aikin yake. Kawu Sale maƙerin fari ne a kasuwar Kankia, ana kawo masa tsofaffin 'yan kunne da awarwaro ya faɗi darajarsu. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ke dubawa, shi ke magana. Da farko a kara maganaɗisu, sannan a goga a baƙin dutse a ga launin da zai bari, sai a duba zanen da gilashin ƙara girma. Lokacin ina aji ɗaya na babbar sakandare.

Tsofaffin nan ya da ƙanwa ne daga Dudunni. Wajen rabon gadon mahaifiyarsu aka ba kowacce ɗan kunne ɗaya. An ce ɗaya ya taɓa faɗawa rijiya, mahaifinsu ya sa aka ƙera madadinsa. Shekara da shekaru kowacce na cewa nata ne na asali, har suka daina gaisawa. Daga ƙarshe suka amince a gaban mai unguwa cewa mai na kwaikwayo za ta miƙa wa 'yar'uwarta nata.

Na zuba su a faranti ɗaya. Baƙin ƙarfe ne, an yanka siraran layuka an dasa zaren tagulla a ciki, ya fitar da tsuntsu a kan reshe. Maganaɗisu ya kama duka biyun. Babu zinariya ko kaɗan. Na lura ƙugiyar na Inna Dije ta ɗan lanƙwashe. Sai kuma na ga tsuntsayen duk hagu suke kallo, alhali a irin wannan aiki fuskantar juna suke yi. A bayansu akwai tambari iri ɗaya.

Na raɗa wa Kawu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Iyayena, babu na kwaikwayo. Hannu ɗaya ya yi su. Marigayi mahaifinku kasuwa ya je ya sayo irin wanda ya faɗa rijiya, ya haɗa na hagu da na hagu."

Inna Kande ta ce, "Yaya, kin ji? Wai Baba bai san hagu da dama ba."

Inna Dije ta juyo ta kalle ta, karo na farko tun safe, sannan ta nuna ni da yatsa. "Ɗiyar da ko gaisuwa ba ta iya da ƙarfi ba, ita za ta gyara mana uba? Kai Sale, halan makaho ke jan makaho a rumfar nan?"

"Faɗa mishi dai, Yaya!"

Suka kai hannu faranti a tare. Inna Dije ta ce ko cikin buhun gero aka jefa nata za ta gane shi. Ina kallo ta ɗauki mai miƙaƙƙiyar ƙugiya, Inna Kande ta ɗauki lanƙwasasshen. Kowacce ta saka na 'yar'uwarta, ta karkata ɗankwali, suka hau babur ɗaya, Inna Kande ta riƙe ƙugun yayarta, suna ta zaginmu har suka sha kwana.

Ranar na gane cewa wasu ba darajar kaya suke zuwa ji ba, so suke a ce su ke da gaskiya. Da na gaya wa Kawu sun yi musanya, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na jira ya gama, sannan na ce, "Kawu, don Allah kada maganar nan ta kai Dudunni. Kuma a saya mana faranti na biyu."