Rubutun Iya a Bayan Kati

Rubutun hannun kakata, Allah ya jiƙanta, bai rage a ko'ina a duniya ba sai a bayan wasu katunan wasa guda sittin. Haka abin yake har zuwa bara.

Iya muke ce mata. Daga Zariya ta zo Birmingham don a duba mata ido, ta yi hunturu biyu a gidanmu na unguwar Balsall Heath. Ina da shekara tara, Yaya Nasiru yana da sha biyu. Iyayenmu suna wurin aiki, sai ya zama ita ke riƙe mu daga magariba zuwa isha'i. Akwai wutar gas a jikin bangon falo. Iya takan shimfiɗa darduma a gabanta, ta miƙe ƙafa, ta ce wannan wace irin wuta ce da ko gyaɗa ba ta gasawa.

A lokacin ne katunan suka shigo makarantarmu. Kowane kati da hoton wata halitta da adadin ƙarfinta. Ka tara naka, ka kara da na abokinka, a yi musaya a filin wasa. Ranar da Iya ta fara ganinmu da su, salati ta yi.

"Caca a gidan ɗana? Kai mijin banza, miƙo nan."

Ni ne mijin, haka take tsokanata. Ta kai katin kusa da idonta mai gani, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai rago ne. Wa ya karya masa ƙaho ɗaya?"

Muka karanta mata sunansa na Turanci. Ta ce wannan ba suna ba ne, tari ne. Ta sa aka kawo fensir, ta juya katin, ta raɗa masa suna da ajami a ɗan farin filin da ke ƙasa. Daga nan kullum sai ta yi wa biyu ko uku suna: Jatau, Tanko Sarkin Gudu, Kande Mai Fitila. Ba ta taɓa sa wa kati sunan Annabi ba, ko sunan da ke ɗauke da sunan Allah, domin kati yana faɗuwa ƙasa a taka. A kan waɗannan katunan na fara haɗa baƙi da wasali.

In mun idar da salla, sai ta sa hannu cikin kwalin katunan ta zaro guda ba tare da ta duba ba.

"Ga ta nan, ta fito daga kwali."

"Ta zauna mu ji ta!"

Tatsuniyar ragon ce ba na mantawa. Wai a wani gari akwai rago mai tsalle har sama. In damina ta makara sai ya tunkuyi gajimare, ruwa ya sauko. Amma kowace shekara ƙahonsa yana ɓantarewa, har ɗaya ya karye. Sai dattawan gari suka ce kada a yi asarar na biyun. Suka gina masa ɗaki, suka shafe ƙahon da man shanu, suka bar taga ana leƙe. Baƙi suna zuwa kallo daga nesa, gari ya yi suna. Shekara uku babu ruwa. Da yunwa ta yi yawa aka buɗe ƙofa, aka ce ya yi tsalle. Ya fito da ƙiba, ƙahonsa yana sheƙi, ya dubi sama, ya kwanta.

"Sai me ya faru, Iya?" in ji Yaya.

"Sai suka ci ƙaho. Ƙurunƙus. Ku tashi, an kira salla a Zariya ko ba a kira nan ba."

Ta koma gida, bayan shekara huɗu ta rasu. Takardunta gara ta cinye a akwati. Kwalin katunan ya zauna wurin Yaya a unguwar Perry Barr, ni kuma aiki ya kai ni Manchester.

Bara 'yata Ummi, wadda aka sa wa sunan Iya, ta kamu da wasan. Wata Asabar da rana na kai ta shagon da ake yinsa a Fallowfield. A teburin baya na tarar da sa'annina, waɗanda suka fara tun muna yara, suna mita. Ɗaya ya ce da can kati layi ɗaya ne na rubutu, yanzu sai ka sa tabarau kamar mai karanta takardar ƙaramar hukuma. Wani ya ce da ana rabin sa'a ana fafatawa, yanzu kafin ka gyara zama an gama da kai. Na ukun ya ce duk wannan ƙarami ne: yanzu masu sayen katin ba su ma iya wasan ba. Aikawa suke a ba shi maki, a rufe shi cikin roba mai tauri, babu mai sake taɓa shi. Na tayar da kai ina jinsu, ina ganin ni na fi su, domin nawa katunan ba irin na kowa ba ne. Na kira Yaya na ce ya kawo kwalin, Ummi za ta ga rubutun mai sunanta.

Ya zo gidana da jaka. Katunan duk suna cikin roba, kowanne da lamba a ka. Na juya na farko. Fari fat. Na juya na biyu.

"Yaya, ina rubutun?"

"Ka san masu ba da maki ba sa karɓar kati mai rubutu. Sai da na bi su da kilina a hankali. Ko tabo babu, duba."

"Duka?"

"Habibu, don Allah. Wasan ya girma, ba na ƙasan kafet ba ne yanzu. Adana su na yi."

"Ka kwafe sunayen?"

"Da me? Ni ban taɓa iya karanta shi ba. Kai ne malamin. Shekara ashirin suna gidana, sau nawa ka zo ka tambaya?"

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a matsayin zagin masu rufe abu a ɗaki, kuma da farko Yaya na ɗora wa ita. Amma shi aƙalla yana leƙa tagar. Ni na san suna nan, hankalina a kwance, ban je ba, ban kwafa ba, ban koya wa 'yata ko baƙi ɗaya ba. Allah ya ba ni ilimin karantawa, na ajiye shi tare da kwalin.

Na nemo ragon a cikinsu, na ɗauko filaya a kicin na fasa robar. Yaya ya ce innalillahi, bai hana ni ba. Na kai katin taga, na karkata shi ga haske. Kan fensirin ya bar ɗan zane a farko, kamar mim. Sauran ya tafi. Na tambayi Yaya sunan da ta sa masa, ya ce Mati. Ni ina jin Maikano ne. Ba wanda ya yarda ya rantse.

Na miƙa wa Ummi na ce ta sa shi cikin nata, ta yi wasa da shi ranar Asabar. Ta juya shi gaba da baya, ta amsa mini da Turancinta na Manchester, a hankali don kada ta ɓata mini rai.

"Baba, wannan tsoho ne. An daɗe da cire shi daga wasan."