Yadda Bilki Ta Kai Turmi Kwaleji

A Gafasa, in ka tambayi gidan Bilki Umara ba mai ce maka "wace Bilkin?" Za a nuna maka lungun da ƙanshin suyar ƙuliƙuli ke fitowa, ka bi hancinka har ƙofar gida. Mace ce gajera kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa ta bayan katanga. Mahaifinta Malam Umara Babarbare ne, kakanninsa suka taso daga gabas suka zauna a nan suna noman gyaɗa, har yaren ya gudu daga bakin jikoki, sai ɗan gaishe-gaishe ya rage. Ta yi sakandare a Gaya, tana gamawa ta auri Datti, Bafillacen gida, direban bas tsakanin Ajingi da Kano. Tunda Babarbariya ce shi kuma Bafillace, zaman nasu bai taɓa rabuwa da tsokana ba. Shi ya ce baiwarsa ya auro, ita ta ce ai taimako ta yi, don in ba ita ba babu mai kwasar ɗan Fulanin da bai da ko saniya ɗaya.

Haka ta yi shekaru tana matsar mai, tana suyar ƙuli, tana renon 'ya'ya, rediyonta na rataye a jikin rumbu. Ba ta taɓa kawo wa ranta za ta sake zama a aji ba.

Shekarar da 'yarta Zuhra ta samu gurbin karatu a wata kwaleji a Kano, Datti ya ce shi ba zai ajiye mota ya je bin layi ba, Bilki ta raka ta. Suka isa da hantsi. Zuhra ta shige ofis, uwar ta nemi inuwar wata darbejiya kusa da tagar wani aji, ta cire takalmi ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

Can sai ta ji ƙarar taɓarya daga cikin ajin. Ba ta yarda da kunnenta ba, ta miƙe ta leƙa. Ɗalibai ne cike da aji, kowa da biro a hannu, wani malami mai furfura a gemu ya kunna musu muryar mata suna lugude suna waƙa. Yana tsayar da muryar, ya yi bayani, ɗalibai su duƙa su rubuta. Bilki ta tsaya a tagar har aka tashi, ƙafa ba takalmi.

Da malamin ya fito ta tare shi ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, don Allah tambaya gare ni. Wannan da na ji yanzu, shi ma karatu ne?"

"Karatu ne mana, Hajiya. Tarihin al'adu da adabin baka ake kiransa."

"Har da jarrabawa?"

"Har da faɗuwa ma," in ji shi, yana murmushi.

Malam Abdulsalam ke nan, shugaban sashen. Da ya ga matar ba ta da niyyar matsawa, sai ya tsaya ya yi mata bayani. Ya ce sashen nasu na koyar da aikin jarida da na rediyo, akwai ɗaukar hoto da haɗa fim, akwai zane-zane, akwai wasan kwaikwayo, ga kuma wannan da ta leƙa. Ya ce ga manya masu iyali sun buɗe difloma ta ranakun Asabar da Lahadi, duk wanda ya gama sakandare zai iya nema.

"Ko da takardar ta tsufa?"

"Takarda ba tuwo ba ce, ba ta kwana ta lalace."

A hanyar komawa gida Zuhra na ta zuba labarin ɗakin kwanan ɗalibai, ita kuwa Bilki tana ta juya maganar malamin a ranta har suka wuce Wudil.

Bayan la'asar, da Datti ya dawo ya zauna cin abinci, ta gaya masa abin da ta gani, ta ce ita ma za ta nemi diflomar. Ya ajiye lomar da ya ɗauko ya dube ta.

"Wato ki bar turmi a tsakar gida, ki tafi har birni a koya miki yadda ake daka?"

"Malam, ba daka za a koya mini ba. Abin da ake faɗa a bakin turmin za a koya mini."

"Ni ai kullum ina jin abin da ake faɗa. Zagina ake yi."

Ya yi ta tsokanarta har kwano ya ƙare, amma da ya wanke hannu sai ya ce kujerar gaba tata ce duk Asabar, sai dai kada ta kuskura ta gaya wa fasinja ba ta biya. Ƙanwarta ta karɓi suyar ƙarshen mako, magana ta zauna.

Zangon farko bai zo mata da sauƙi ba. Turancin da ta baro a Gaya ya yi tsatsa, sai ta karanta shafi ta koma farko kamar ba ta taɓa ganinsa ba. A darasin kwamfuta ta danna wani wuri, aikin da ta wuni tana bugawa ya ɓace, ta ɗora hannu a ka ta yi salati har malamin ya zaci rasuwa aka yi mata. A darasin zane aka ce kowa ya zana tulu, nata ya fito kamar kabewa. Jarrabawar farko ta tarihin wasan kwaikwayo kuwa ta sha ƙasa, ta dawo gida ta faɗa wa Datti da bakinta kafin ya ji a wani wuri, ya yi mata jaje da fuskar da ke ƙoƙarin ɓoye dariya.

Amma akwai inda ba a kama ƙafarta. Ranar da aka ce su gwada wasa a gaban aji, aka rasa namijin da zai fito a dagaci, ta naɗa mayafinta ya zama rawani, ta zauna ta hura hanci ta fara yanke hukunci a kan akuyar da ta ci dawar maƙwabci. Ajin ya kife da dariya, malamin ma sai da ya fita waje ya share hawaye. Daga ranar 'yan ajin, waɗanda yawancinsu ma'aikata ne da malaman firamare, suka laƙaba mata Dagaci. Zuhra, wadda ta zaɓi ɗaukar hoto da haɗa fim a karatun yau da kullum, da fari takan sauya hanya in ta hango uwarta da jakar littattafai. Da ta ga ƙawayenta na rububin zama kusa da Umman tata don jin labari da cin ƙuli, sai ta daina ɓuya.

A shekara ta biyu Malam Abdulsalam ya ba kowa aikin fita. Ya ce kowane ɗalibi ya koma garinsu ya naɗo wani abu na baka da ke shirin ɓacewa, ya rubuta bayaninsa. Bilki ba ta yi dogon tunani ba. Tun da injin niƙa ya shigo Gafasa lugude ya yi ƙaura, 'yan matan yanzu ko riƙon taɓarya ba su iya ba. Kuma ta san inda za ta: wurin Gwaggo Hanne, yayar mahaifin Datti, wadda a zamaninta in ta ɗaga murya a bakin turmi har masu noma a bayan gari sukan dakata.

Ta same ta a ɗaki tana jan carbi. Bayan gaisuwa ta ajiye wayarta a kan tabarma ta ce, "Gwaggo, waƙar daka nake so ki yi mini, ta makaranta ce."

Tsohuwar ta dubi wayar, ta gyara murya, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake gwadawa, baiti ɗaya ya fito a karkace ya tsaya.

"Ke 'yar nan, ba ta zuwa. Waƙar daka a zaune? Ai kamar ki ce in yi iyo a kan tabarma ne. Hannu ke tuna ta, ba kai ba."

Bilki ta koma gida. Tana tankaɗe tana juya maganar, can sai ta saki rariya ta ce, "To ai sai a kawo wa hannun abin da ya sani."

Ta sa aka fito da babban turmin da ya zama mazaunin kaji a bayan ɗaki, aka wanke shi aka shanya. Ta bi gida-gida tana aron taɓare. Ta auno gero daga rumbu, ta aika wa tsofaffin unguwa cewa ranar Juma'a da hantsi akwai daka a gidan Datti, kuma akwai fura ga duk wadda ta zo. Zuhra ta taho daga Kano da kyamarar makaranta.

Tsofaffi suka zo suna ɗingishi, wannan na kukan gwiwa, waccan na kukan baya. Gwaggo Hanne ta ce ita kallo kawai za ta yi. Mata biyu suka fara surfe, taɓare na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ta uku ta shiga. Ba a jima ba sai aka ga ƙafar Gwaggo na motsi a ƙasa. Sai ta miƙe, ta ɗaure zani a ƙugu, ta karɓe taɓaryar hannun wata ta ce, "Ba haka ake yi ba, kin cika gaggawa."

Dukan farko, na biyu, sai murya ta fito, siririya amma ba ta rawa. Ta yi waƙar shekarar da fari ya sa aka daka ƙaiƙayi, ta yi ta amaryar da ta zuba kanwa a miya maimakon gishiri, sauran na amsawa. Wata ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, aka yi guɗa. Matan maƙwabta suka cika gidan, waɗanda suka zo da ciwon baya suka manta a inda suka ajiye shi.

Ana cikin haka Datti ya shigo neman wani ƙarfe, don motarsa ta ƙi tashi tun safe. Gwaggo Hanne ta kalle shi ta wutsiyar ido, ba ta fasa duka ba, ta juya waƙar nan take:

"Motar Datti ta yi tari,
Ta ce a tura ta ko ta kwanta,
Mai sauri ya kama hanya da ƙafa,
Ya sha fura a Wudil kafin ta iso."

Gidan ya ɗauki sowa. Datti ya tsaya da ƙarfe a hannu ya ce, "Haba Gwaggo, ni da nake kai ki asibiti kyauta?" Ta amsa masa a cikin waƙar cewa ranar ma ita ta tura. Duk wannan ya shiga kyamarar Zuhra.

Bilki ta yi makonni tana rubuta baitocin. Inda ta kasa gane wata tsohuwar kalma sai ta koma wurin Gwaggo, su zauna su warware. A nan ta gano ashe wasu amshin da take ji tun tana yarinya Fulatanci ne da bakin Hausawa ya tauna, wani kuma Barbarci ne irin na kakarta. Wannan ya fi komai yi mata daɗi, ta ce ashe ita da Datti tun a turmi aka haɗa su.

Ranar da aka nuna aikin a aji, Malam Abdulsalam ya sa aka maimaita wurin cilla taɓaryar, sannan ya yi mata gyara a kan rubutun, ya ce ta cika yabon Gwaggo ta manta ta faɗi shekarun da abin ya faru. Ta koma ta gyara. Wani ɗan ajinsu da ke aiki a wani ƙaramin gidan rediyo ya roƙi a ba shi muryar, ta ce sai ta tambayi masu ita. Tsofaffin suka yarda, da sharaɗin a faɗi sunan kowacce da na unguwarta.

Datti ne ya fi kowa shan sakamakon. Satin da aka sa shirin, yana shiga tashar Ajingi 'yan kamasho suka tarbe shi da "Motar Datti ta yi tari!" Ya yi fushin kwana biyu, har ya ce zai kai ƙarar Gwaggo wurin dagaci, Bilki ta ce ga dagaci a gabansa, ya faɗi ƙararsa. Daga baya da ya lura fasinja na neman motar da aka yi wa waƙa don su ce sun hau, sai ya kai ta gareji aka gyara, ya sa aka rubuta "Ta Daina Tari" a gilashin baya.

Bilki ta gama diflomarta ba tare da ta zo ta ɗaya ba, zane ya ja ta baya har ƙarshe. Ranar bikin yaye su bas ɗin Datti ya cika da tsofaffin Gafasa. Gwaggo Hanne ta ce tunda muryarta ce ta ci jarrabawar, ita ma sai an sa mata rigar, aka yafa mata, hular na zamewa a kan ɗankwali, Zuhra ta ɗauke su hoto.

Yanzu Bilki na nan a Gafasa, ba ta bar suyar ƙuli ba. Sai dai gidan rediyon nan ya ba ta ɗan fili duk mako, don haka ranar da ba ta suya takan saɓa jaka ta shiga ƙauyuka. Ta naɗo kirarin maƙera a Ajingi, ta naɗo waƙar masu tatsar nono a rugagen bayan Kademi, inda aka yi ta yi mata dariyar Fulatancinta. Matan aure uku daga unguwarsu sun bi sahunta zuwa kwalejin, ɗaya aikin jarida, biyu ɗaukar hoto, don sun ce bukukuwan mata na neman mace mai kyamara. In an tambaye ta ko ta gama karatu ke nan, sai ta ce tana jira Zuhra ta ƙware ta koya mata haɗa fim a gida, don ita ba za ta sake yarda ta zauna gaban kwamfutar da ke haɗiye aikin mutum ba sai da ɗan'uwa a kusa.