Abin da nake karanta wa Baffa a kan suri

Duk ƙauyenmu wuri ɗaya ne waya take samun sabis sosai, wato kan wani tsohon suri da ke iyakar gonarmu da ta Baffa, ƙanin mahaifina. Shekarar da Baba ya rasu na dawo gida da takardar difloma, da niyyar in yi damina ɗaya in koma Kano. Sai ga ni a ta huɗu.

A wajenmu gona manne take da gona, layin gamba ne kawai yake raba taka da ta wani. In mai gona ba ya nan ranar huɗa, garmar maƙwabci takan ɗan karkace, shi ke nan kunya ɗaya ta tafi. Daminar da Baba yake kwance ina makaranta, kunya biyu muka rasa ta ɓangaren Baffa, har gambar ma aka wayi gari ta matsa. Inna ba za ta iya yi wa ƙanin mijinta maganar iyaka ba, ƙannena kuwa duk mata ne, kuma gonar nan ita ce tuwonsu. Saboda haka babban aikina a garin shi ne a riƙa ganina.

In rana ta take sai in hau surin in buɗe waya. 'Yan ajinmu sun watsu cikin birni, suna turo abubuwan mamaki da suka tsinta a intanet. Don tsabar gundura na fara karantawa da ƙarfi, ashe Baffa yana ji daga gonarsa.

Na ce masa wai idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Ya dafa ƙotar fartanya ya ce, "Ai na san irinsu a kasuwar Ɗanbatta." Da na ce akwai ƙasar da rana take wata da watanni ba ta faɗi ba, kwana biyu ya yi yana jajanta musu azumi. Maganar cewa giwa ba ta iya tsalle kuwa ƙin yarda ya yi, wai wa ya taɓa tsorata ta ya gani?

Daga nan kullum sai ya taho da kwanon furarsa mu sha tare a gindin surin. Abin haushin, ina son mutumin. Da mugu ne da na ji sauƙi. Ina gadinsa, yana ba ni dariya, kuma kowannenmu ya san abin da ya ajiye ni a wurin.

A damina ta huɗun wani abokina ya samo mini aikin kula da sito a Dawanau, ya ce in zo cikin satin ko a ba wani. Ga huɗa ta gabato. Ran nan abin da na karanta wa Baffa shi ne wai ƙasar da muke takawa tana matsawa a hankali, kamar yadda farce yake tsiro. Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na gaya masa zancen aikin, sannan na yi abin da ɗa ba ya yi wa baffansa, na tambaye shi kai tsaye.

"Baffa, in na tafi, zan dawo in tarar da gambar nan inda na bar ta?"

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya kalli cikin kwano ya ce:

"Ɗana, ba zan maka ƙarya ba. Gidana ya cika, gonar ba ta isarmu. In na riƙe garma ban ga kowa a nan ba, na san halina. Kunya biyun nan na wancan karon har yau su nake tunawa in na yi sallah. Don Allah kar ka tafi. Ba na so in je gaban Ubangiji da haƙƙin marayu."

Bai ce zai dawo da biyun ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Da la'asar na kira abokina na ce a ba wani. Ya ce, "To kai sai yaushe ke nan?" Kunya ta rufe ni, domin kafin ya ƙarasa tambayar har na fara ƙirga shekarun Baffa a zuciyata.