Aikin Hauwa'u, Sunan Bello

Alhamis: Ƙaura zuwa Shinkafi

Ana sallame sallar Asuba na rataya jaka na nufi tasha, ko shayi ban tsaya sha ba. Maiɗakina ta biyo ni har zaure tana mita: "Ko sisi ba a biyanka, amma kai ad da shiga hanyar Shinkafi." Na ce ta yi mini addu'a kawai, faɗan ta ajiye shi sai na dawo, ba ya lalacewa.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran waya nake yi a kasuwar Ƙaura, da shi nake cin abinci. Bayan wannan ina cikin wata ƙungiya ta masu rubuta manhaja kyauta, mutane daga ƙasashe daban-daban, yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Manhajar a buɗe take: kowa na iya duba cikinta, ya gyara, ya tura gyaran a duba a karɓa. Tamu ta ƙananan shagunan magani ce. Ina kuma koyar da matasa wannan aiki, aji ɗaya a Shinkafi, ɗaya a Zurmi, kuma laftof guda ce tak tsakaninsu. Ta yi kwanaki can, ta yi kwanaki nan, direbobi ke kai ta a naɗe cikin bargo kamar jinjiri.

Abin da ya fito da ni shi ne wannan. Ƙungiyar za ta ɗauki mutum ɗaya cikin ɗalibaina horo na wata uku, har da alawus, kuma aikin da kowa ya tura shi ake dubawa. Sai shugabar aikin ta aiko mini da saƙo tana yabon Bello na Shinkafi. Ta ce sashen da ke gargaɗin mai shago idan magani ya kusa lalacewa ya burge kowa, shi za su ɗauka, har ta yi masa albishir, ranar Asabar za a sanar. Ina buɗe aikin na gane shi. Na Hauwa'u ne, ɗalibata ta Zurmi, a gabana ta fara shi. Laftof tana liƙa sunan wanda ya fara saita ta a kan duk gyaran da aka tura daga cikinta, Bello kuwa shi ya fara. Shugabar ta ce ba za ta canza komai a kan maganata ni kaɗai ba, sai mai sunan ya rubuto da kansa kafin Asabar. Gaskiyarta ce, dole na haɗiye. Na kira Bello har yatsana ya gaji, ashe sabis ya ɗauke a Shinkafi.

Mota ta cika tun ƙarfe shida da rabi, amma ba mu motsa ba sai wajen tara, muna jiran rakiyar jami'an tsaro. Na fara ƙorafi, direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, in kana sauri ga hanya nan, ba a ruhe ta ba." Na gyara zama na ci gaba da jira.

Muka tafi a jere, motoci kusan ashirin. Damina ta yi kyau, gero ya yi kai, amma akwai gonakin da ciyawa ta cinye, ba wanda ya iya zuwa ya nome su. Duk inda daji ya yi duhu sai hira ta mutu a motar, kowa ya koma tasbihi. A Moriki muka ɗan tsaya, na sayi hoce da ƙuli na lallaɓa cikina. Shingen bincike kuwa na daina ƙirgawa. A wani shingen jami'i ya zazzage jakata, ya ga wayoyin caji da sukundireba, ya tambayi sana'ata. Na ce gyaran waya. Nan take ya zaro tasa, wai ba ta caji. Na goge mata baki da tsinke, ta kama, muka rabu muna dariya.

Shinkafi

Mun shiga gari ana kiran Azahar, ranar kasuwa, ko'ina buhuna da amalanke. Na nufi rumfar Alhaji Garba, mahaifin Bello, mai sayar da hatsi. Tun daga nesa ya hango ni ya miƙe.

"Ga malamin Bello! Ku zo ku gan shi, shi na yak koya mai har Turawa sunka zaɓe shi!"

Kafin in zauna an taru a kaina, wannan ya ba ni hannu, wancan ya sa albarka. Na rasa inda zan sa fuskata. Bello na gefe yana ɗinke bakin buhu, ya gaishe ni bai ɗago ba. Tun daga nan na gane ya sani.

Alhaji ya rantse a gidansa zan kwana. Aka yanka zakara, aka kawo tuwon shinkafa, ni kuwa kowace loma sai na tura ta da ruwa. Yaya za ka ci kazar mutum sannan ka ce masa murnarsa ba tasa ba ce? Raina kuma yana ɓace da Bello, har na shirya maganganu masu zafi tun a mota.

Bayan La'asar na ja shi ɗakin da muke karatu, bayan wani shagon caji. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Malam, na san abin da yak kawo ka. Aikin ga ba nawa na ba. Ina ganin saƙon niy yi murna nig gaya ma Baba, sai daga baya nid duba nig ga wane aiki aka yabo. Kahin in gyara, Baba ya gaya ma kasuwa duka."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa masa?"

"Kunya, Malam. Kuma wallahi zuciyata ta ce in ƙyale, wa zai sani?"

Wannan gaskiyar da ya faɗa ita ta kashe mini faɗan. Na ce masa ba zan tilasta shi ba, ba kuma ni zan gaya wa Alhaji ba. Amma ya sani, in Asabar ta yi bai rubuta ba, Hauwa'u ta rasa gurbin ke nan, aikinta kuma zai zauna da sunansa muddin manhajar na duniya. Ya ce in ba shi zuwa safe.

Juma'a: Shinkafi zuwa Zurmi

Da safe muna karyawa da koko da ƙosai a ƙofar gida, Bello ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗi komai. Alhaji ya ajiye ludayi. Fuskarsa ta canza, na ce yau mun shiga uku. Ya dube ni ya ce, "Malam, kuma kac ci min zakara kana sane?" Na ce na ci, Alhaji, amma bai wuce wuya ba. Bai yi dariya ba. Can ya nisa ya ce wa Bello, "Mu nan in anka yi kuskure anka rubuta sunanka ga buhun wani, ba ka saida shi. Tashi ka kai mata kayanta da hannunka. Mutanen kasuwa ka bar ni da su, bakina na yaj jawo."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Muka naɗe laftof muka kama hanya. Babu motar da ke zuwa Zurmi kai tsaye ranar, sai da muka dawo baya muka canza wata, ga jiran rakiya kuma. Motar ta biyu ƙofarta da igiya aka ɗaure, an cusa mu huɗu a baya da buhun barkono, muka yi ta atishawa har Zurmi. Da kyar muka samu sallar Juma'a.

Zurmi

Hauwa'u tana tsaron kemis ɗin mahaifinta, dattijo ne da ido ya fara gaza masa. Da ta gan mu tare da Bello ta tsorata, ta zaci wani abu ya sami laftof. Na zauna a benci na yi musu bayani ita da mahaifinta. Abin mamaki, ko gezau ba ta yi ba.

"Ai tun hwarko ina ganin sunan Bello bisa aikin, Malam."

Na kusa faɗowa daga bencin. "Kin gani kika yi shiru?"

"Ni na aza haka aka yi. Inna ka soya ƙuli cikin gida, amma kowa ƙulin mai talla shika cewa. Nic ce ko aiki na wanda sunanshi ke ga na'ura na."

Nan fa faɗan da na ɓoye wa Bello ya sami mafita. Na ce wannan ba ƙuli ba ne, a ƙungiyarmu ba a biyan kowa, sunan nan shi kaɗai ne ladan mutum, da shi ake saninsa, da shi ake ɗaukarsa aiki. Mahaifinta ya ce, "Yi mata a hankali, Malam, kunya gare ta." Na ce Baba, kunyar nan ta kusa cinye mata abinci.

Saura sabis. A Zurmi yana zuwa yana ɗaukewa, an ce a saman benen wani maƙwabcinsu ya fi kamawa. Muka nemi izini muka hau, Bello na riƙe da waya sama, ni ina saita laftof a kan bokiti da aka kife. Na buɗe wa kowannensu wurinsa daban a na'urar don kada a sake. Bello ya rubuta saƙonsa, gajere, ba kwana-kwana: aikin nan na Hauwa'u ne, ban sa masa hannu ba. Sau uku yana ƙin tafiya, a na huɗu ya wuce. Sannan Hauwa'u ta zauna ta rubuta sunanta, ta sake tura aikin. Ta yi kuskure, sai da ta goge ta sake.

Amsa ba ta zo ba har rana ta yi sanyi, sabis kuma ya gudu. Na kwana a shagon wani abokina tela, sauro ya yi bikinsa a kaina.

Asabar: komawa gida

Da hantsi muka sake hawa benen. Wayar ta yi ƙara tun muna kan matakala. Shugabar ta ce an gyara, gurbin na Hauwa'u ne, ta kuma ce a gaya wa Bello ƙungiya na son irinsa, ya ci gaba da turo nasa. Na buɗe shafin masu aikin na miƙa wa Hauwa'u. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sauka da laftof ɗin ta kai wa mahaifinta. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin, bai iya gani ba, ya ce ta karanta masa. Ta karanta sunanta da na mahaifin nata a haɗe. Ya ce, "Sake." Ta sake.

A tasha muka rabu da Bello, shi zai jira motar da za ta sada shi da hanyar Shinkafi, inda 'yan kasuwa ke jiransa da tambayoyi. Na shiga Ƙaura kafin La'asar, jiki duk ciwo, zuciya wasai.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa direbobi da masu rakiya, da tela mai masauki, da mai bene, da Alhaji Garba da zakaransa. Godiya ta musamman kuwa ta Bello ce. Ni hanya kawai na sha, shi ne aka ba abu a hannu ya mayar wa mai shi.