Indararon Gidan Hutun Abokina

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, na kamu da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis. Sunanta hassada, kuma abokina ne ya shafa min ita ba tare da ya sani ba.

Bencinmu ɗaya a aji. Su a bayan ganuwa suke, gidan bene. Mu kuwa a unguwar Sheshe, cikin birni, a wani lungu da in mai ƙiba ya shigo sai ya gaisa da bango biyu a lokaci guda. Gidanmu na ƙasa ne, tun na kakan kakana. Benen nasu bai taɓa damuna ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne babansa yana da gidan gona a wani ƙauye, suna ce masa gidan hutu. Ku ji fa! Gida guda sukutum, ba shi da aiki sai a huta a cikinsa. Mu a gidanmu in ka zauna minti biyar ba ka komai, mahaifiyata sai ta taɓa goshinka ta ji ko zazzaɓi ne.

Duk dawowa daga hutu sai ya buɗe min labari. Mangwaro har ya gundure shi. Zabbi suna yawo kamar ba masu daɗin miya ba. "Kai mutumina, iskar can daban ce," in ji shi. Ni kuwa in ce, "Mu ma iskarmu ba laifi," alhali hassada tana cina. A kaina na gina gidan nan da gilasai, na sa masa wurin ninƙaya, har na ɗaure dawisu biyu a bakin ƙofa.

Wata rana ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, "Ku na cikin birni gidajenku na ƙasa ne ko?"

Na ce, "Su wa? Mu? Bulo ne da tayil har banɗaki. Ni ban ma san yadda ake taɓa laka ba."

Daga ranar ƙarya ta ba ni aiki. In ya ce zai zo gidanmu sai in tare shi a bakin titi, in ce ana fenti. Sai da muka shekara ana fentin nan.

Da dogon hutu ya zo, tsakiyar damina, ya ce babansa ya yarda in bi su. Na shirya jaka tun saura mako guda. Ranar tafiya mahaifiyata ta tsare ni a tsakar gida ta ce, "Alhaji mai hutu, hau ka duba min indararo kafin ka tafi." Wannan aikina ne duk damina. Rufin soro shimfiɗaɗɗe ne, ƙasa ce a kan azara, ruwan sama kuma ba shi da mafita sai ta indararo. In ya toshe, ruwa ya kwanta, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta gaji ta ajiye kayanta a kan mai gida. Na hau ina ƙunƙuni, na zura gora na zaro leda da ganye, na sauko na wanke hannu sau uku don kada a ji ƙanshin talauci a motar mutane.

Muka isa. Na leƙa ta taga ina neman gilasai da dawisu. Me zan gani? Gidan ƙasa! Soro, azara, zankwaye, har da indararo uku a jere. Alhaji, wato baban abokina, shi ya ɗauko magina musamman suka gina masa, wai yana kewar gidan da aka haife shi.

Kuna tsammanin hassadar ta tafi? Ƙaruwa ta yi. Mu muna gidan ƙasa don shi muka gada, su suna gidan ƙasa don sha'awa. Ƙasar tasu ma ta fi tamu sheƙi.

Ko takalmi Alhaji bai cire ba maigadi ya fara karanto masa gaisuwa: "Sannu da zuwa, Alhaji. Gara ta cinye ƙyauren baya. Batirin sola ya mutu. Injin rijiya yana tari. Awakin gari sun ture katanga ta gabas. Bayan wannan dai lafiya lau."

Alhaji ya cire hula ya share gumi. "Gidan nan ya fi 'ya'yana cin kuɗin makaranta. Kwana goma muke yi a shekara, amma shi kullum sai ya ci. Yaɓe, maganin gara, albashi, sassabe. Ni nake zuwa hutu, aljihuna yana aikin ƙarfi." Ya juya wajen matarsa: "Hajiya, ki shaida. Ya sake jawo min wata babbar ɓarna, sayar da shi zan yi."

Ni kuwa tun saukata idona ya riga ya ga ɓarnar. Indararon tsakiya, na kan falo, ciyawa ce ta tsiro a bakinsa kore shar. Ya toshe ke nan tun tuni. Na buɗe baki zan faɗa sai na tuna ni ɗan gidan tayil ne, ina na san indararo? Na ja bakina na tafi shan mangwaro.

Rana ta uku, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Maigadi ya tafi cin kasuwar ƙauye. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a baranda ina kallo: indararo biyu suna ta aman ruwa, na tsakiya ko ɗigo. Ba a jima ba falo ya fara zuba. Hajiya ta jera bokiti, ta ƙara da tukunya, ta ƙara da kwanon miya. Alhaji ya kira magini a waya, magini ya ce yana birni, sai jibi in Allah ya kai mu. Sai muka ji azara ta ce ƙiiii.

Abokina ya matso kusa da ni, idonsa ya kawo ruwa. "Shi ke nan, Abba zai sayar."

Zan faɗa muku gaskiya tunda abin ya wuce. Wani ɗan shaiɗani a ƙirjina ya miƙe yana rawa. Ya ce, yi shiru kawai, rufi ya faɗo, a sayar da gida, kowa ya koma shan iskar birni, ka warke. Na kusa bin shawararsa. Abu biyu suka hana ni. Na farko, fuskar abokina. Na biyu, kuma ina jin shi ya fi ƙarfi, in aka sayar, mangwaron fa?

Na ce, "Baba, akwai tsani?"

Alhaji ya ce, "Tsani? Me za ka yi da shi a ruwan nan?"

"A samo min shi, da gora doguwa."

Na hau. Ruwa a kan rufin ya kai min idon sawu. Na bi gefen bango a hankali kamar yadda aka koya min, don ba a taka tsakiyar jiƙaƙƙen rufi. Na tuge ciyawar, na zura gora, na sa hannu na zaro tsohuwar sheƙar tsuntsu, da ledar burodi, da wani silifas da har yau ban san yadda ya hau can ba. Indararo ya yi gyatsa, ruwa ya ɓalle da ƙarfi, ya sauka daidai kan abokina da ke riƙe min tsani. Wannan kam ban yi nadamarsa ba.

Na sauko laka har kunne. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, wannan ba hawan farko ba ne. Ɗan wace unguwa ne kai?"

"Sheshe, Baba."

"Gidan ƙasa?"

Na saci kallon abokina. Na ce, "Na ƙasa, Baba. Tun na kakan kakana."

Abokina ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "To fentin fa, malam? An gama?"

Alhaji bai gane dariyar da muke yi ba. Ya dafa bango ya ce, "Naku ya ga kakanni bai faɗi ba, nawa shekara shida yana neman kashe ni. Ka san bambancin? Naku akwai mai ɗaga kai ya dube shi kullum."

Ba a sayar da gidan ba. Abokina ya zo gidanmu bayan hutu, mahaifiyata ta cika shi da ɗanwake, ya miƙe a soro ya yi barci har da munshari. Da na ba ta labarin tayil, cewa ta yi, "To tunda kana da tayil, tashi ka goge shi," ta miƙo min tsintsiya.

Abin da na koya? Gidan da ba a kwana a cikinsa, gara ce take hutu, mai shi yana biya. Na san wannan sarai, na ji lissafin da kunnena. Amma kada ku ɗauka na warke. Har yau in abokina ya saka a intanet hoton da ya ɗauka a gidan hutun nan, sai hassadar ta motsa kamar dā. Sai dai yanzu, kafin in gama jin haushi, sai in tsinci yatsuna suna zuƙo hoton, ina duba ko ciyawa ta tsiro a bakin indararon tsakiya.